Tarihin Birki da Hanyar Kano zuwa Jos

Hanyar da ta rabu da ta Zariya a Kwanar Dangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa ta nufi Jos, ta daɗe tana jarraba direbobi da hawa da gangara. A zamanin da, sandunan ƙarfe da wayoyi ke jan birki, karen mota kuwa ba ya rabuwa da weji. A 1921 kamfanin Duesenberg na Amurka ya fito da mota mai birkin mai a ƙafafu huɗu. Ford bai bi sahu ba sai 1939.

Hikimar ita ce, mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, kuma abin takawar yakan ninka ƙarfin ƙafa kamar sau 6. Saboda haka in birki ya yi laushi, iska ta shiga. In yana nutsewa a hankali, mai yana zurarewa. In ya yi nisa kafin ya kama, ya cinye. A doguwar gangara kuwa, tsohon mai da ya sha ruwa yakan tafasa, birki ya ɓace. Direban da ya fahimci wannan tun a tasha, ya tsirar da rayukan fasinja.