Tour du Valat: cibiyar da ta haura shekara 70 tana ƙirga tsuntsayen dausayin Camargue

Tour du Valat cibiyar binciken kimiyya ce da ke kudancin Faransa, a yankin Camargue, inda kogin Rhône yake rabuwa gida biyu kafin ya faɗa Bahar Rum. Tana kusa da ƙauyen Le Sambuc, a ƙarƙashin birnin Arles. Aikinta shi ne nazarin dausayi: tafkuna, fadamu, wuraren yin gishiri, da duk ƙasar da ruwan kogi da na teku ke haɗuwa a kanta. Ba jami'a ba ce, ba kuma ma'aikatar gwamnati ba. Gidauniya ce mai zaman kanta, wadda hukumomin Faransa suka amince da ita a matsayin mai yi wa jama'a aiki tun 1978.

Abin da ya fitar da sunanta shi ne daɗewa a kan aiki ɗaya. Akwai ƙidayar da ake maimaitawa a wurin kowace shekara tun kafin a haifi yawancin ma'aikatanta na yanzu, kuma daga waɗannan tsofaffin rajistoci ne mafi yawan sakamakonta masu nauyi suka fito.

Wanda ya kafa ta

Luc Hoffmann ɗan ƙasar Suwizalan ne, an haife shi a birnin Basel a 1923, jika ne ga mutumin da ya kafa kamfanin magunguna na Roche. Ya karanci ilimin dabbobi, amma tsuntsaye ne suka fi ɗaukar hankalinsa. A 1948 ya sayi gandun Tour du Valat, a 1954 kuma ya buɗe tashar bincike a cikinsa da kuɗin aljihunsa.

A wancan zamani, fadama a idon gwamnatocin Turai ɓatacciyar ƙasa ce, matattarar sauro, wadda ya kamata a janye mata ruwa a noma. Hoffmann na cikin waɗanda suka juya wannan tunani. Yana cikin mutanen da suka kafa ƙungiyar WWF a 1961. A 1962 aka yi babban taron masana a Saintes-Maries-de-la-Mer, cikin Camargue ɗin, inda aka nemi a samar da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan dausayi. Sama da shekara takwas aka ɗauka kafin a sa mata hannu, ranar 2 ga Fabrairun 1971, a garin Ramsar na Iran. Yarjejeniyar nan ce a yau ta shafi tafkin Chadi, tafkin Fitri, kwarin Waza-Logone a Kamaru, gandun W a Nijar da dausayin Hadeja-Nguru a Najeriya. Hoffmann ya rasu a 2016, yana da shekara 93.

Gandun da ya bari ya zarce hekta 2,500, kuma an ware mafi yawansa a matsayin wurin da doka ta kare. Masu bincike, injiniyoyi, ɗalibai da makiyaya suna aiki tare a ciki. Maganar makiyaya ba kuskure ba ce: cibiyar tana kiwon baƙaƙen shanu da fararen dawakin Camargue, domin kiwo ne ke hana ciyayi da ƙananan itatuwa cinye fadamun.

Tsibirin da aka gina wa tsuntsu

Aikin da aka fi sanin cibiyar da shi shi ne na tsuntsun filamingo, wanda Faransawa ke kira flamant rose, mai dogayen ƙafafu da lanƙwasasshen baki. A shekarun 1960 tsuntsun ya yi shekaru a jere bai yi sheƙa a Camargue ba, saboda ya rasa tsibirin da zai tsira daga dila da hayaniyar mutane. A 1970 aka gina masa tsibiri a tafkin Fangassier, tare da kamfanin da ke yin gishiri a wurin. Tsuntsayen ba su yi saurin karɓarsa ba. Sai ma'aikata suka cika bokitai da laka suna kifewa, suka jera ɗaruruwan tudun sheƙa irin wanda filamingo ke gina wa kansa, don ya ɗauka 'yan'uwansa sun riga shi zama. Dabarar ta ci. Daga 1974 suka zauna, kuma tsibirin ya yi shekaru da dama shi kaɗai ne wurin haihuwarsu a duk Faransa.

Mutumin da ya ba wannan aiki rayuwarsa shi ne Alan Johnson, ɗan Ingila da ya zo Camargue yana saurayi ya zauna har ƙarshen ransa a 2014. Tun 1977 ake sa wa 'ya'yan filamingo zoben roba a ƙafa, mai haruffa da za a iya karantawa daga nesa da madubin hange. Sau ɗaya ake yin aikin a shekara, cikin bazara, kafin 'ya'yan su fara tashi. Tun da asuba masu aikin sa kai sukan shiga ruwa su yi da'ira, su koro su a hankali zuwa wani shinge, a auna nauyi da fiffike, a sa zobe, a saki. Ɗaruruwa ake yi wa haka cikin sa'o'i kaɗan.

Amfanin zoben yana zuwa ne daga baya. Duk wanda ya hangi tsuntsun a Sifen, Tunisiya, Turkiyya, Moritaniya ko Senegal ya aiko da lambar, an ƙara layi ɗaya a tarihin rayuwarsa. Da haka aka gano cewa filamingo yana iya haura shekara 40 a daji, kuma kusan kowace shekara yana canza abokin aure, saɓanin abin da aka sani game da yawancin tsuntsaye masu tsawon rai. An kuma ga yadda matsanancin sanyi ke yi musu kisan kiyashi, kamar na Janairun 1985 da ya kashe dubbai. Binciken shekara uku, irin wanda masu ba da kuɗi suka fi so, ba zai taɓa nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Dalma da sauro

Tsakanin shekarun 1950 da 1970 an kama dubban agwagin daji a gandun an sa musu zobe, wasu kuma an ɗauki hoton cikinsu. A nan aka ga ƙwayoyin dalma na harsashin mafarauta a ƙundunsu. Agwagwa kan haɗiye su daga cikin laka, tana zaton tsakuwar da take niƙa abinci da ita ce, dalmar ta narke ta zame mata guba. An daɗe ana jayayya da ƙungiyoyin mafarauta kafin Faransa ta hana harbi da dalma a dausayi a 2006. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2023.

Batun sauro ya fi sarƙaƙiya. A 2006 aka fara fesa wani magani mai suna Bti a wasu sassan Camargue, wanda ake samu daga ƙwayar bakteriya, ana kuma tallarsa da cewa tsutsar sauro kawai yake kashewa. Ayarin Brigitte Poulin ya kwatanta sheƙunan tsattsewa a inda aka fesa da inda ba a fesa ba. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna cewa inda aka fesa, ƙwarin da tsuntsun ke ci sun ragu, kuma sheƙar da kan fitar da 'ya'ya kamar uku ta koma fitar da kamar biyu. Cibiyar ta gwada tarkunan kama sauro a cikin ƙauyen Le Sambuc a madadin feshin fadama. Sai dai a lura: sauron Camargue na yau cizo da hana barci ne matsalarsa. Inda sauro ke kawo zazzaɓin da ke kashe yara, lissafin daban ne.

Teku na matsowa

Babbar tambayar da ke gaban cibiyar yanzu ita ce ta ƙasar kanta. Mafi yawan Camargue bai kai mita ɗaya a saman teku ba. Tun ƙarni na 19 aka killace kogin Rhône da jinga, madatsun da aka gina a samansa kuma sun rage yashi da laka da yake kawowa bakin teku. Ruwan teku na ƙaruwa, gaɓa na zaizayewa, gishiri na shiga gonakin shinkafa.

Tsakanin 2008 da 2012, hukumar Faransa mai kula da gaɓar teku, Conservatoire du littoral, ta sayi kimanin hekta 6,500 na tsofaffin wuraren gishiri kusa da Salin-de-Giraud. Tour du Valat na cikin hukumomi uku da aka damƙa wa kula da su. Shawarar da aka yanke ita ce a daina gyara jingar da ke bakin teku, a bar ruwa ya shigo tafkunan su shanye ƙarfinsa, a ƙarfafa jingar da ke can ciki. Kifaye irin su gwando sun sake samun hanya tsakanin teku da tafkuna. Amma da yawa daga mutanen yankin, waɗanda iyayensu suka gina jingar, suna ganin an sallama ƙasarsu ne ga teku, kuma har yanzu ba a gama wannan muhawara ba. Shi kansa filamingon ya rage dogaro da Fangassier bayan an daina turo ruwa da famfo, ya koma yin sheƙa a wuraren gishirin Aigues-Mortes.

Alaƙarta da Sahel

Cibiyar ce ke jagorantar shirin sa ido kan dausayin ƙasashen Bahar Rum, wanda rahotonsa na 2018 ya nuna cewa wuraren da aka bincika sun rasa kashi 48 cikin 100 na dausayinsu tun 1970. Amma yawancin tsuntsayen da ake ƙirgawa a Camargue baƙi ne a can. Wasu nau'o'in zalɓe da agwagi suna ƙetare Sahara su yi lokacin sanyin Turai a fadamun Sahel, kuma masana sun daɗe da lura cewa idan aka yi fari a Sahel, kaɗan ne ke komawa Turai a shekarar da ta biyo baya.

Saboda haka ma'aikatan Tour du Valat suka shiga shirin RESSOURCE, wanda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fara jagoranta a 2017 a Senegal, Mali, Chadi, Sudan da Masar. An horar da jami'an gandun daji na waɗannan ƙasashe kan ƙidayar tsuntsayen ruwa, a ƙasa da kuma daga ƙaramin jirgin sama, an kuma binciki yawan da mazauna ke kamawa don ci da sayarwa. An yi irin wannan ƙidaya a tafkin Fitri da kuma Khor Abu Habil na Sudan. Ana yinta ne a tsakiyar watan Janairu, daidai da lokacin da ake ƙirga tsuntsayen ruwa a Camargue da sauran ƙasashen duniya, don kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu.