Jirgin Ƙasa Mai Hawa Dutse

Wani mai sauraronmu daga Kakau, kudu da Kaduna, yana tambaya: wai da gaske akwai jirgin ƙasa mai hawa dutse, kuma an taɓa yin irinsa a Nijeriya?

To malam, da gaske ne. Tun 1930 jirgi ke hawa dutsen Zugspitze na Jamus, mai tsayin mita 2,962. Dogonsa na da haƙora a tsakiya don kada ya sulluɓo. Inda ya tsaya, sai a shiga wani akwati da ke rataye a igiyar ƙarfe, ya kai mutum ƙololuwa. Ko da hunturu, ana dusar ƙanƙara, a je da safe a dawo da yamma.

Namu kuwa ba don shaƙatawa aka yi ba, kuza Turawa ke nema. Ƙaramin dogo daga Zariya ya hau tsaunukan Jos, ya isa Bukuru a 1914. Babban dogo ya zo ta Kafanchan a 1927, aka rufe ƙaramin a 1957. Akwatin igiya kuma, sai 2005 aka kafa shi a Obudu, jihar Kuros Riba.

Da fatan ka gamsu.