Robert Remak da Rabuwar Ƙwayar Halitta

A 1839 Theodor Schwann ya bayyana cewa jikin dabba, kamar na tsiro, da ƙwayoyin halitta aka gina shi. Sai dai ya zaci sababbin ƙwayoyi daskarewa suke yi daga wani ruwa, kamar gishiri. Robert Remak, likita a Jamus, ya duba jinin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai, ya ga ƙwaya tana tsukewa a tsakiya har ta rabe biyu. A 1852 ya wallafa cewa ta haka ƙwayoyi ke hayayyafa. Bayan shekara uku Rudolf Virchow ya yayata maganar bai ba mai haƙƙi haƙƙinsa ba, kuma shi ya kwashe yabon. Remak kuwa, kasancewarsa Bayahude, har ya rasu a 1865 bai samu cikakkiyar kujerar farfesa ba.