Dokin Ƙarfe: Tarihin Keke Rale A Hanyar Daddara

Mai karatu, kafin babur ya cika hanyar Katsina zuwa Jibiya, keke Rale ne sarkin hanya. Manomin Daddara da ya sayar da gyaɗa, burinsa ya hau Rale zuwa kasuwar Jibiya ran Lahadi, ko ya tsallaka Magama ya nufi Maraɗi.

A birnin Nottingham na Ingila kamfanin Raleigh ya soma ƙera shi tun shekarun 1880, daga baya har masana'anta ya kafa a Kano. Birkinsa na sandar ƙarfe ne, ba ya tsinkewa. Mai giya uku kuwa, ƙirar Sturmey-Archer da ta fito a 1902, giyar tana ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, ƙura ba ta samunta. Siririyar waya guda ke jan ta.

Shi ya sa da aka janye tallafin fetur a 2023, wanda bai sayar wa 'yan gwangwan nasa ba ya dace. Bakanike zai jiƙa kaca a kananzir, ya sauya boris, ya shafa giris, ya ɗaure wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya har rim ya daina rawa. Keken kaka sai ya kai jika makaranta.