Daga wuri zuwa salula: caca da lissafin da ke cikinta

Lokacin da Gobirawa suka kafa Tsibiri wajen 1836, bayan yaƙin Gawakuke, wuri ne kuɗin kasuwa, kuma da shi ake caca. A watsa shi ƙasa, a ƙirga waɗanda suka kife da waɗanda suka kwanta rigingine, mai rabo ya kwashe. Malamai sun daɗe suna hani da ita, don Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya cikin haramci guda.

Karta ta bi wata hanya. Daga Masar ta shiga Turai wajen 1370, Faransawa suka ba ta alamomin da muka sani yau, ta bazu a nan zamanin mulkin mallaka. A 1654 tambayar wani ɗan caca ta sa Pascal da Fermat musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse. Nan ne tushen lissafin yiwuwa da muke koyarwa a lakwal.

Poka kuwa a New Orleans ta Amurka ta bayyana, farkon ƙarni na 19. A nau'inta da ya fi yaɗuwa yau, Texas hold'em, ana ba kowa kati biyu a rufe, ya yanke shawarar shiga ko janyewa kafin a buɗe uku a tsakiya. Cikin kati 52, hanyoyin haɗa biyu 1,326 ne. As biyu, hannun da ya fi kowane ƙarfi, sau ɗaya yake zuwa cikin 221. Shi ya sa gwanaye ke jefar da mafi yawan hannuwansu tun kafin su zuba ko dala.

Girman zubi ma lissafi ne. In akwai jaka biyu a tsakiya, abokin wasa ya ƙara jaka guda, kai ma jaka guda za ka sa, jimla huɗu. Sai kana cin irin wannan hannu sau ɗaya cikin huɗu kafin ka mayar da uwar kuɗinka. Mai gidan caca kuma yana cire kamashonsa daga kuɗin tsakiya, don haka in aka haɗa ƴan wasan duka, abin da suka tashi da shi bai kai abin da suka zo da shi ba.

Yau caca tana cikin salular ɗanku, tana kiran kanta gwaninta. Hukuncin addini yana nan daram, amma yaron da ke ganin wayonsa zai ba shi riba yana buƙatar alli da allo. Malamai, ku sa ɗalibai su fitar da 1,326 da hannunsu. Iyaye, ku tambayi yaro nawa ya zuba cikin wata, nawa ya dawo, ku sa ya rubuta a takarda a gabanku.