Tarihin kwamfutar da ba a kashewa, da abin da masu furojet za su koya a ciki

Lokacin kare furojet ya matso, kuma tambayar da ƙannenmu 'yan aji huɗu suka fi yi min ita ce: "Yaya, a ina zan ɗora manhajata ta zauna a intanet har ranar da zan kare ta?" Ni ma digiri na biyu nake yi a wannan fanni, don haka bari in amsa ta hanyar tarihi, domin amsar tana cikinsa.

A 1989 wani ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janiba, ya rubuta shawarar haɗa takardun masana ta yadda wannan zai kai ka ga wancan. Zuwa ƙarshen 1990 shafin farko ya fara aiki a kan kwamfutarsa ƙirar NeXT. Kun san me ya yi? Takarda ya manna a jikinta yana gargaɗin kada kowa ya kashe ta, domin idan aka kashe ta shafin ya tafi. To wallahi duk abin da ya biyo baya ƙoƙari ne na warware wannan matsala: wace kwamfuta ce za ta zauna a kunne dare da rana, kuma wa zai biya kuɗinta?

Kayan aikin dai sun zo da wuri, kuma kyauta. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fitar da Linux. Ranar 30 ga Afrilu 1993 CERN ta sakar wa duniya fasahar shafukan ba tare da neman ko sisi ba. A 1995 kaɗai aka samu PHP da Apache da MySQL da JavaScript. Amma fa manhaja ce kyauta, ƙarfen sai ka saya. Kamfani sai ya tanadi kwamfutocinsa, da ɗaki mai sanyi, da mai gadinsu. A ƙasarmu kuma ka ƙara da janareta da tsadar intanet, wanda bai fara sauƙi sosai ba sai bayan da wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, ta Funke Opeke, ta haɗa Fotugal da Legas a 2010.

Babban sauyi ya zo a 2006, lokacin da Amazon ta fara ba da hayar ma'ajiya mai suna S3 a watan Maris, sannan hayar kwamfuta mai suna EC2 a watan Agusta, a kan santi 10 na dala duk awa. Wannan shi ne abin da ake kira girgije. Kada sunan ya ruɗe ku, kwamfutar wani ce kake haya, a wani gini da ba a ɗauke wuta. Kuma ɗan haya dole ya san cewa gidan ba nasa ba ne.

Tarihi ya sha nuna haka. A 2005 kamfanin da ke da BitKeeper ya janye damar da masu gina Linux ke da ita ta amfani da shi kyauta, sai Torvalds ya zauna ya rubuta Git cikin 'yan makonni. A 2009 Yahoo ta rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko. A watan Nuwamba 2022 Heroku ta daina ɗaukar manhajoji kyauta, bayan shekaru masu koyo a duniya suna dogaro da ita. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ka yi amfani da na kyauta, babu laifi, amma ka zauna da shirin tashi.

Shirin tashi na farko shi ne Git. Tun ranar da ka rubuta layin farko ka buɗe ma'ajiya a GitHub, kuma duk dare ka tura abin da ka yi. Idan an sace laftof ko ta mutu, aikin wata shida yana nan. Ka nemi GitHub Student Developer Pack da shaidar zama ɗalibi, akwai kayan aiki na kyauta a ciki. Sai dai Git kod yake ajiyewa, ba ya ajiye bayanan da ke rumbunka. Su kuma duk mako ka kwafe su da mysqldump ko pg_dump, ka ajiye a wuri biyu.

Na biyu, kada ka taɓa saka kalmar sirri ko makullin asusun girgijenka a cikin kod ɗin da ka tura. Akwai manhajojin ɓarayi da aikinsu kenan, bin ma'ajiyoyin jama'a suna tsintar makullai, su kunna kwamfutoci da sunanka, lissafin kuma da dala zai zo. Ka zuba sirrin a fayil ɗin .env, ka rubuta sunansa a .gitignore. Ranar da ka buɗe asusu ka saita ƙararrawar kashe kuɗi, duk abin da ka gama gwadawa ka kashe shi.

Na uku, ka san abin da manhajarka ta jingina da shi. A watan Maris 2016 wani mai shirya manhaja ya cire ɗan kod ɗinsa mai layi 11, left-pad, daga npm, nan take dubban ayyuka suka ƙi haɗuwa. Don haka ka riƙa tura package-lock.json ko requirements.txt tare da aikinka. Idan da hali ka koyi Docker, wanda ya fito a 2013 don maganin zancen nan na "ai a kwamfutata yana aiki". Da shi ko an tashe ka daga wannan gida, cikin awa guda ka tare a wani.

Idan shafinka HTML da CSS da JavaScript ne kawai, GitHub Pages ko Netlify sun ishe ka. Ka kuma gwada shi a ƙaramar waya da data mai rauni, domin ita ce a hannun yawancin mutanenmu.

Ranar karewa kuwa kada ka jingina da intanet ɗin zauren. Ka zo da kwafin da ke aiki a laftof ɗinka ba tare da data ba, batir a cike, da ɗan bidiyon manhajar tana aiki a cikin filash. Malamin da ya zo daga wata jami'a ba zai jira sabis ya dawo ba, kuma makinka na shekara huɗu ne a kan tebur.

Wanda ya maƙale wajen Git ko Docker ya same ni a ɗakin kwamfuta ranar Asabar bayan la'asar. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya.