Daga Burushi Zuwa Linzamin Kwamfuta: Waiwaye Kan Tarihin Ƙawata Mota da Zane

Masu iya magana kan ce zamani riga ne. Duk wanda ya san manyan hanyoyin ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980 zai tuna da gingimari mai bodin katako, wadda aka yi wa ado da zanen zaki ko ɗawisu ko furanni, aka kuma rubuta mata addu'a ko habaici a goshi. A yau galibin adon da muke gani a jikin bas-bas da Adaidaita Sahu sitika ce da aka tsara a kwamfuta, inji ya buga, aka manna. A wannan maƙala za mu bi diddigin yadda wannan sauyi ya auku, mu kuma duba abin da muka samu da abin da ke neman kuɓuce mana.

Tun farko, ƙawata mota aikin hannu ne tsantsa. A nan gida, idan an sayo kan mota irin su Bedford ko Mercedes 911, kafinta ne ke haɗa mata bodi, sannan mai fenti ya zo da gwangwanayensa da burushi. Shi ne ke auna faɗin katako da ido, ya gauraya launi, ya zana abin da ya dace da zuciyar mai mota. A Amurka ma haka abin yake. A shekarun 1950, wani mai zane a Kalifoniya da ake yi wa laƙabi da Von Dutch ya yi fice wajen ja wa motoci siraran layuka da hannu. Daga bisani kamfanin BMW na Jamus ya ɗaukaka wannan sana'a, inda Alexander Calder ya ƙawata masa motar tsere a 1975, Andy Warhol ya yi nasa a 1979, sannan Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu ta zana adon ƙabilarta ta Ndebele a 1991.

Abin sha'awa shi ne, dabarar da ta zo ta sauya wannan sana'a a masana'antar mota aka haife ta. A 1959, wani masanin lissafi a kamfanin Citroën na Faransa, Paul de Casteljau, ya gano yadda za a bayyana lanƙwasasshen layi ta hanyar lissafi. Shi kuwa Pierre Bézier, injiniya a kamfanin Renault, ya bunƙasa irin wannan dabara a shekarun 1960 domin tsara surar jikin mota, har layin ya ci sunansa. Hikimar ita ce, maimakon a ja layi daga farko zuwa ƙarshe, sai a kafa 'yan ɗigogi, a riƙa jan su har layin ya lanƙwasa yadda ake so. A daidai wannan zamani, wato 1963, Ivan Sutherland ya nuna manhajar Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, wadda ta ba mutum damar yin zane kai tsaye a fuskar kwamfuta.

Sai da aka shafe fiye da shekara ashirin kafin waɗannan dabaru su iso hannun masu zane. Adobe Illustrator ta fito a 1987, CorelDRAW a 1989, sannan Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, ta shiga kasuwa a 1990. Biyun farko kan layin Bézier suka dogara, saboda haka ana iya faɗaɗa zanen da bai fi tafin hannu ba har ya rufe jikin tirela ba tare da ya dusashe ba. Ita kuwa Photoshop da hoto take aiki, wanda tarin ƙananan ɗigogin launi ne, kuma idan aka matsa masa da faɗaɗawa sai ya farfashe. A 1994 aka ƙara mata tsarin falle-falle, inda kowane sashe na aiki ke zaune a kan fallensa kamar gilasai da aka jera.

Wannan tsari ne ya zama ginshiƙin aikin a yau. Mai zane kan ɗauki hoton motar daga gefe, ya yanke ta daga abin da ke bayanta, ya ɗora adon a wani falle na daban. Daga nan sai ya karkata adon ya bi lanƙwasar ƙofa, ya daidaita haske da inuwa domin ya yi kama da gaske. Mai mota zai ga kamannin motarsa tun ba a taɓa ta ba, ya ce a sauya ja zuwa kore cikin ƙiftawar ido. Idan an daidaita, sai a buga a kan leda mai manne, a shimfiɗa ta a jikin mota, a ɗumama ta domin ta kwanta a kusurwoyi.

Babu shakka an sami sauƙi da sauri. Sai dai kuma akwai hasara. Zanen da ke cikin kwamfuta ana iya buga shi sau dubu, shi ya sa muke ganin sitika iri ɗaya a bayan motoci barkatai. A da kuwa, 'yan kamasho a tasha kan gane mota tun daga nesa ta zanenta, domin babu biyunta. Daɗin daɗawa, zanen gingimari tare da katakonsa yake ruɓewa, kuma masu zanen ba kasafai ake adana sunayensu ba. Ga shi kuwa rubutun jikin mota wani reshe ne na adabinmu, mai ɗauke da karin magana da kirari da zambo.

Saboda haka, muna ganin nauyi ya rataya a wuyanmu, mu ɗalibai da malaman Hausa. Kayan aikin da suka ture burushi su ne kuma za su iya ceton tarihinsa. Mu shiga tashoshi da garejoji mu ɗauki hotunan gingimarin da suka rage, mu gyara su, mu sake bin layukansu a kwamfuta, mu kuma zauna da tsofaffin masu fenti mu rubuta abin da suka sani tun suna raye. Matashin da ke riƙe da linzamin kwamfuta zai sami abin koyi na gida, domin da tsohuwar zuma ake magani.